Rairayin da Muka Zuba a Ƙarƙashin Lilo

Lokacin da aka turo ni koyarwa a wata firamare a ƙasar Bukkuyum, na tarar da lilon a tsaye a bakin fili, kusa da wata tsohuwar bishiyar bedi. Wata ƙungiya ce ta kafa shi shekaru biyu kafin zuwana. Sun shafa masa fenti shuɗi da ja, an ɗauki hoto, sun tafi, ba su bar wa kowa amanar kula da shi ba. Ƙafafu huɗu ne na bututun ƙarfe da aka dasa cikin siminti, da wani bututun a gicciye a sama, da mazauni uku na katako, kowanne rataye da sarƙa biyu. A duk garin babu wani abin wasa irinsa.

An ba ni rabin aji, wato ƙananan da ba su isa shiga aji ɗaya ba, 'yan shekara huɗu zuwa biyar. Tagar ajina tana kallon lilon kai tsaye, don haka ko ban so ba sai na ji kukansa.

Ni 'yar maƙera ce. A bakin maƙerar mahaifina na tashi a Anka, kuma ko da yake ba a bar mace ta riƙe masaba ba, kunnena ya koyi abin da hannuna bai koya ba. Marigayin yakan ce ƙarfe ba ya yankewa sai ya yi gargaɗi, mutane ne ba sa saurare. A watana na biyu na lura kukan mazaunin tsakiya ya sauya. Da yana cewa ƙii, ƙii, a hankali. Yanzu akwai wani ɗan gurnani a ƙarshen kowane juyi, kamar ana goga wuƙa a dutse. Da aka tashi na ɗauko bencin aji na taka, na leƙa inda sarƙar ta haɗu da ƙugiyar sama. Ƙugiyar ta cinye rabin kaurin zoben. Wurin ya yi sumul yana ƙyalli, siriri kamar tsinken tsintsiya.

Na je na faɗa wa hedimasta. Dattijo ne mai haƙuri, saura masa 'yan shekaru ya ajiye aiki. Ya biyo ni ya duba, ya daɗe yana kallon zoben, sa'an nan ya ce, "Malama, tun da ke Allah ya nuna wa, to ke za ki riƙe shi."

Haka lilon ya zama nawa. Na kira mai walda na bakin kasuwa ya sauya zobba shida da ƙugiyoyinsu. Na roƙi baƙin mai a wurin mai gyaran babura, na zuba a wata kwalba na ajiye a bayan allo. Duk ranar Litinin kafin a buga ƙararrawa sai in taka benci in bi zobban ɗaya bayan ɗaya da yatsa, in ɗiga mai, in girgiza ƙafafun in ji ko simintin ya saki, in shafa katakon ko wata ƙusa ta leƙo. Na kafa doka: ba a tsayawa a kan mazauni, ba a hawa bibbiyu, ba a giftawa ta gaba ko ta baya idan wani yana kai. Yara suka riƙa kiransa lilon Malama. Ba zan ɓoye ba, abin yana yi mini daɗi. Shekara uku muka yi a haka, babu yaron da ya ji ciwon da ya wuce ƙujewar gwiwa.

A shekara ta huɗu ne 'yan bindiga suka matsa wa ƙauyukan da ke yamma da mu. Mutanen wajen Zugu da wasu ƙananan garuruwa suka fara shigowa, wasu a kan babura mutum huɗu-huɗu, wasu a ƙafa da tukwane a ka. Aka ba su azuzuwa biyu na baya su zauna. Ajina da ke da yara talatin da wani abu ya cika har wasu suna zama a bakin ƙofa. Yaran da suka zo ba sa yawan magana. Akwai waɗanda in an buga ƙararrawa sai su shige ƙarƙashin benci. Amma lilon sun san shi tun ranar farko. Daga asuba har magariba ba ya hutawa, har Asabar da Lahadi, domin yanzu akwai masu kwana a cikin makarantar. Na koma duba zobba sau biyu a mako.

A ƙarƙashin kowane mazauni, inda yara ke jan ƙafa su tsaya, akwai ɗan kwari tun da daɗewa. Da yawan ya ƙaru sai kwarin ya zama rami. Damina ta zo ta ƙara zaizaye shi, ruwa ya riƙa kwanciya a ciki, gindin simintin ƙafafun ya fito fili da kaifinsa. Wata safiya wata yarinya 'yar aji biyu ta zame daga kan mazauni, haɓarta ta daki simintin. Haƙori ɗaya ya fita, leɓen ya tsage. Jinin ya fi ciwon yawa, amma ni na san da a ce ƙeya ce ta sauka a wurin, da wani labarin ake yi.

Hedimasta ya tara iyaye a ƙarƙashin bedi. Na yi musu bayani cewa lilo yana son ƙasa mai laushi a ƙarƙashinsa, mai kauri, yadda in yaro ya faɗi ba zai ji ciwo ba. Abin da ya dace shi ne yashin gulbi. Kowa ya yarda. Matsalar ita ce gulbin yana wajen gari, kuma a watan nan an tare masu amalanke biyu a hanyarsa, an kwashe shanunsu. Ba wanda ya ce zai je, ni ma ban ga laifin kowa ba.

Sai wani mutum da ke tsugune a gefe ya ɗaga hannu. Na san shi sama-sama. Baƙo ne daga gabas, yana cikin masu aikin zinariya da suka kafa bukkoki a bayan gari. Matarsa ta rasu, shi kaɗai yake riƙon 'yarsa, wata 'yar siririya mai shekara huɗu da ke ajina. Kullum shi ke kawo ta a kan babur, ya sauke ta, ya gyara mata ɗankwali da manyan yatsunsa kafin ya tafi.

Ya ce, "Malam, in dai rairayi ne, a bar mini. Akwai shi kusa, ba sai an je gulbi ba. Ɗiyata ma tana hawa, ai kaina na yi wa."

Aka yi ta sa masa albarka. Ban tambaye shi ina ne kusa ba. Na sha juya wannan a raina. Ina tsaye a wurin, ni ce na nemi rairayin, kuma tambayar ba ta fi kalma uku ba.

Kwana biyu yana jigila, buhu bibbiyu a bayan babur. Da aka kwance buhun farko na zura hannu a ciki. Ban taɓa ganin rairayi mai kyau irinsa ba. Fari-fari ne mai ɗan ruwan toka, babu tsakuwa ko ɗaya, babu ƙaya, laushinsa kamar garin da aka tankaɗe sau biyu. Da ɗan danshi a jikinsa. Ni da shi da maigadin makaranta muka cike ramukan, muka baza sauran har ya rufe simintin, muka jera tubala a kewaye don kada ruwa ya tafi da shi. Da muka gama na cire takalmi na taka. Na ce masa, "Allah ya saka da alheri, baban yarinya. Yanzu ko daga sama yaro ya faɗo sai dai ya yi dariya." Ya sunkuyar da kai don kunya.

Yaran sun fi son rairayin a kan lilon kansa. Masu jiran layi sai su zauna a ciki su yi ta gina ɗakuna, suna tuwon ƙasa, suna binne ƙafafunsu. Ruwan sama ya ɗauke, kaka ta shigo da zafinta, rairayin ya bushe. Duk yaron da ya ja ƙafa don ya tsayar da lilo sai wata farar ƙura ta tashi ta tsaya a iska, ba ta saurin sauka. Idan aka dawo daga hutun ƙarfe tara sai in ga 'yan ajina fari fat har gira, su zauna su buɗe ƙullin ƙosai ko gyaɗa su ci da hannuwan nan. Ina ce musu su karkaɗe jikinsu kada su ɓata littafi. Iyakar damuwata ke nan. Mako uku aka yi a haka.

A mako na huɗu Inna, mahaifiyata, ta zo daga Anka ta yi mini kwana biyu. Ranar Talata na manta mabuɗin akwatin alli a gida, ta biyo ni da shi. Ta iso ana tsakiyar tara. Ina hango ta daga taga tana tahowa da sandarta, ta zo daidai lilon ta tsaya. Na zaci yaran take kallo. Sai na ga ta duƙa da ƙyar, ta ɗebi rairayin, ta murza a tafin hannu, ta ɗaga shi wajen rana. Ta daɗe a haka. Da na fito na isa wurinta ba ta amsa gaisuwata ba.

Ta ce, "Ina kunka samo wagga ƙasa?"

Na ce wani bawan Allah ne ya taimaka mana.

"Mi yaka yi, shi bawan Allahn?"

Sai a lokacin na tuna aikin zinariya yake yi.

A shekarar da gubar dalma ta kashe yara a Dareta da Yargalma, ni ina makarantar kwana a Gummi, labari kawai nake ji. Inna kuwa tana can. Yayata tana aure a Dareta, kuma a tsakar gidansu ake daka dutsen zinariya, a niƙa, a wanke. Ɗanta na fari yana da shekara biyu. Ya fara da amai, ya daina cin abinci, sa'an nan jijjiga ta kama shi, kuma a cinyar Inna ya cika. Daga baya ne masu bincike suka zo suka ce dalma ce a cikin dutsen, ta bi ƙura ta shiga cikin yara. Aka kankare ƙasar gidaje aka kwashe, aka zubo sabuwa. Duk na san wannan. Na taɓa koyar da shi ma a darasin tsabta. Amma ban taɓa riƙe ƙasar a hannuna ba, ban san kamanninta ba. A tunanina abu mai guba zai zo da wari ko baƙi.

Inna ta karkaɗe hannunta a jikin zane, sa'an nan ta kalli zanen kamar ta yi nadama. Ta ce a hankali, "Irinta ce sak. Haka take, kamar gari. Haka munka riƙa share ta da tsintsiya yaro na rarrafe ciki. Ɗiyata, fid da yaran nan."

Ban san da wace murya na yi tsawa ba, amma yaran sun watse kamar an jefa dutse cikin kaji. Wata ƙarama ta tsaya tana kuka da ɗan gwangwaninta cike da rairayi. Na fizge shi daga hannunta, abin da ban taɓa yi wa yaro ba.

Na sa manyan 'yan aji shida suka jawo ruwa a rijiya, muka wanke wa ƙanana hannu da fuska ɗaya bayan ɗaya. Hedimasta ya fito yana tambayar lafiya. Da na faɗa masa sai ya zauna a kan tubalin da ke kusa, ya cire hula ya riƙe.

Ya ce, "Malama, kin tabbata? Kada mu tayar wa mutane da hankali a kan zato. Mutanen nan, abin da ya koro su ma ya ishe su."

Na ce ban tabbata ba, amma zan tambayi wanda ya kawo.

Da aka tashi mutumin ya zo ɗaukar 'yarsa. Na ja shi gefe. Na ce, "Baban yarinya, rairayin nan, daga ina ka ɗebo shi?"

Ya yi murmushi, yana zaton ƙari nake so. Ya ce daga wurin aikinsu ne. Idan an niƙa dutse a inji an wanke an cire zinariyar, abin da ya rage ke nan, ga shi can tsibi-tsibi ba mai so.

"Wankakke ne, Malama. Sau uku ake wanke shi. Babu komai a ciki, ni da kaina na zaɓo mai kyan."

Na ce, "Ka taɓa jin abin da ya faru a Dareta?"

Ya ce ya ji an ce wata cuta ta taɓa kashe yara, tun kafin ya zo ƙasar nan. An ce masa daga dutsen wani rami ne guda, kuma an daina haƙa a can.

Na faɗa masa abin da Inna ta ce. Na ce ruwa yana fitar da zinariya, ba ya fitar da dalma. Yana saurare, murmushin yana nan a fuskarsa bai san ya bar shi ba. Sai ya juya ya kalli 'yarsa. Tana zaune a kan tankin babur tana jiransa, tana tsotsar yatsa biyu.

Ya ce, "A kansa take wasa kullum. Can gida ma. Tun tana rarrafe."

Ya je ya cire mata yatsun daga baki a hankali, ya goge su da bakin rigarsa, ya tayar da babur.

A ranar na aro sufana a wurin mai gyaran babura, na taka benci na kwance sarƙoƙin shida da hannuna. Na kai mazaunan ofishin hedimasta na jingine a bayan ƙofa. Maigadi ya saro ƙayar bagaruwa muka kewaye wurin, muka yayyafa ruwa don ƙurar ta kwanta. Hedimasta ya yi waya ga wani jami'in lafiya a Anka wanda ya yi aiki da masu binciken nan tun farko. Jami'in ya ce kada kowa ya taɓa ƙasar, kada a share, a riƙa jiƙa ta, zai zo da na'urar gwaji da zarar hanya ta yi kyau.

Hanya ba ta yi kyau ba. A makon nan aka tare motoci a tsakaninmu da Anka, direbobi suka ajiye aiki. Kwana tara muka yi muna jira.

Ban taɓa ganin kwanaki masu tsawon waɗannan ba. Kaka lokacin zazzaɓin sauro ne, kowace shekara yara sukan yi ta fashin makaranta, ban taɓa damuwa ba. Yanzu duk safiya idan na kira suna aka yi shiru sai gabana ya faɗi. In aka ce wane yana gida ba lafiya sai in tambaya: yana amai? Cikinsa na ciwo? Yana gane mutane? Na riƙa bin gidaje bayan la'asar. Uwaye suna mamakin wannan kulawa, wasu har suna ba ni gyaɗa in tafi da ita. A aji kuwa na kasa koyar da komai. Ina kallon yaro ya yi hamma sai in ce kasala ce irin ta gubar dalma. Wani ya yi fushi ya jefar da allonsa, in ce ko dalmar ce ta fara taɓa shi. Yaron da na sani da rigima tun farkon shekara ma sai na riƙa ganin rigimarsa sabuwa ce.

Ƙayar ba ta hana su ba. Yaran da ke kwana a azuzuwan baya sun buɗe wata 'yar kafa ta gefen bedi. Da sassafe nakan tarar da sawun ƙananan ƙafafu a kan rairayin da muka jiƙa, wata rana har da ɗan ɗaki da aka gina aka kafa masa tsinke a ka. Wata safiya na tarar an ɗaura igiyar guga a bututun sama, an yi mata madauki. Na tara iyayensu mata na yi musu bayani. Wata mai goyo ta saurare ni har na gama, sa'an nan ta ce, "Malama, mu da munka baro harsashi, ƙasa za ki tsorata mu da ita? Ɗaki guda muke mu goma sha. In ban bar su sun fita ba, ina za ni kai su?" Ba da faɗa ta faɗa ba. Na dai roƙe ta don Allah.

A rana ta shida 'yar mutumin ba ta zo ba. A ta bakwai ma haka. Da aka tashi na hau acaɓa zuwa bayan gari, karo na farko da na taka wurin. Tun daga nesa ake jin ƙarar injinan niƙa. Maza ne ko'ina, fari fat kamar an tono su, wasu suna wanki a kwatami, wasu suna cin abinci a gefe. Tsibin rairayin nan kuwa ga su nan har sun fi ni tsawo, a bakin bukkoki, a kan hanya, kaji suna tono a ciki.

Na same shi a bukkarsa da yarinyar a kan tabarma. Ya ce kwana biyu ke nan duk abin da ta ci sai ya dawo, tana riƙe ciki tana kuka, yau kuma kukan ma ta daina. Ya sayo maganin zazzaɓi ya ba ta, bai ga sauyi ba. Na kira ta yadda nake kiranta a aji. Ta buɗe ido ta kalle ni, kallon bai tsaya a kaina ba.

Ya ce, "Malama, zazzaɓi ne ko? Lokacinsa ne ai."

Na ce, "Mai yiwuwa ne. Amma kada ka jira hanya."

Washegari da sassafe ya goya ta da zane kamar mace, ya bi ta daji a kan babur zuwa Anka. An ce masa kada ya je, ya ce in 'yan bindiga sun tare shi su harbe su tare.

Jami'in lafiyar ya iso a rana ta goma, cikin ayarin motocin da jami'an tsaro suka rako. Na'urar ba ta fi tocila babba girma ba. Ya fara ɗora ta a tsakiyar fili, ya duba, ya gyaɗa kai. Ya ɗora a bakin ajina, ya duba, wannan karon bai gyaɗa kai ba. Sa'an nan muka janye ƙayar ya shiga, ya tsuguna daidai inda mazaunin tsakiya yake, ya danna ta a ƙasa. Da ya duba sai ya sake gwadawa a wani gefen. Ya miƙe, ya fito daga wurin yana taka sawun da ya shiga da shi, ya cire takalmansa ya ajiye a kan tubali.

Ya ce, "Kwana nawa yara suka yi a kan wannan?"

Na faɗa masa. Bai yi mini faɗa ba. Da ya yi da na fi jin sauƙi. Ya ce a rubuta masa duk yaran da ba su wuce shekara biyar ba, da na makaranta da na masu gudun hijira, za a ɗebi jininsu. Ya ce a wanke azuzuwa da ruwa, kada a sa tsintsiya. Rairayin kuma a kwashe shi har da ƙasar da ke ƙarƙashinsa zurfin taƙi guda, a zuba a buhuna a ɗaure, za a turo mota ta kai inda ake binne irinsa.

Sakamakon jinin ya zo bayan mako biyu. Yawancin 'yan ajina an ce akwai dalmar a jikinsu amma ba ta kai ta magani ba, a dai kiyaye, a sake gwadawa. Wasu 'yan kaɗan aka ce a kai su Anka a ba su magani. Jami'in ya ce mini kada in ɗora wa kaina duka, domin a garin da ake niƙa dutse ba a iya cewa daga nan ne ko daga can, wasu iyayen ma da ƙurar suke komawa gida a jikin tufafinsu. Na gode masa. Amma na san yaran masu gudun hijira daga ƙauyukan noma suka fito, ba su taɓa ganin injin niƙa dutse ba, kuma biyu daga cikin waɗanda aka kai nasu ne.

'Yar mutumin ta rayu. Ta yi makonni a asibiti. Da suka dawo ya kawo ta makaranta sau ɗaya, ba don karatu ba, don ya yi mana sallama, zai mayar da ita garinsu wurin kakarta. Ta yi ƙiba kaɗan. Na tsuguna na gaishe ta, na fara mata waƙar ƙirga da ta fi kowa iyawa a ajin. Ta bi ni har uku, ta tsaya, tana kallon bakina. Uban ya ce likita ya ce a yi haƙuri, wani abin yana dawowa, wani ba ya dawowa. Ya nemi gafarar hedimasta, ya nemi tawa. Na ce ni ce mai neman gafara. Sai yarinyar ta ja masa riga.

Kwashe rairayin ya ɗauke mu yini biyu, ni da maigadi da wasu iyaye maza huɗu, da ƙyalle ɗaure a hanci. Muka cika buhuna muka ɗaure bakinsu, muka jera su a bayan katangar makaranta, muka lulluɓe da tsohuwar leda. Maigadi ya rubuta HAƊARI da gawayi a jikin katangar. Motar da za ta kwashe su ba ta zo a makon ba, ba ta zo a na bayansa ba, domin hanya ta sake lalacewa.

Lokacin kuwa an gama girbi, mutane sun shiga gyaran gidaje, ana yaɓe, ana daɓen ɗakuna kafin bukukuwa. Wata Litinin na zagaya bayan katanga don in duba ko ledar tana nan. Tana nan, an ma mayar da duwatsun da muka danne ta da su. Amma ta kwanta sosai a gefe ɗaya. Na ɗaga. Kusan rabin buhunan babu.

A ƙasa akwai sawun baro, tayarsa ta nutse saboda nauyi. Na bi shi. Ya bi ta gefen rijiya, ya wuce masallacin unguwa, wani wurin har da ɗan farin layi inda wani buhu ya yi yoyo. Da ya kai bakin hanyar kasuwa sai ya shiga cikin sawun babura da na shanu da na mutane, na neme shi na rasa. Na tsaya a wurin ina duban lunguna huɗu da suka rabu daga nan, kowanne da gidaje a jere, ana ta fito da yara za a kai su makaranta.

Hedimasta ya sa aka yi shela a masallatai ranar Juma'a, cewa duk wanda ya ɗauka ya dawo da shi, ba za a tambaye shi komai ba. Buhu biyu aka dawo da su, aka ajiye a bakin ƙofar makaranta. Ɗayan a cike yake. Ɗayan saura kwata.